Waiwaye: Salisu Yusuf da dala dubu ɗaya

Ɗan Zariya ne, an haife shi a 1962, kuma a tsakiyar fili ya yi wasansa, har da Ranchers Bees ta Kaduna. Sunansa bai yi amo sosai ba sai da ya rataye takalmi ya koma horarwa. A 2008 Salisu Yusuf yana cikin masu horar da Kano Pillars lokacin da ta ci kofin gasar Firimiya ta Najeriya, karo na farko a tarihin Sai Masu Gida. A 2013 ya ci Kofin Tarayya da Enyimba ta Aba, garin da magoya baya ba sa ɗaga wa koci ƙafa. Daga nan ya zama mataimakin Gernot Rohr a Super Eagles, ya kuma kai 'yan wasan gida wasan ƙarshe na gasar CHAN ta 2018, inda Maroko mai masaukin baƙi ta ci su 4 da nema.

Watanni kaɗan bayan haka, a Yulin 2018, BBC ta nuna bidiyon da mutanen ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas suka naɗa a ɓoye. Sun je masa a matsayin dillalan wasu 'yan wasa biyu, suka miƙa kuɗin da aka ce dala 1,000 ne, ya karɓa. Ya ce kyauta ce, kuma yaran da ma cancantarsu ce ta ba su gurbi. Kwamitin ɗa'a na hukumar NFF ya dakatar da shi shekara guda tare da tarar dala 5,000. Ya dawo aiki, amma har yau in an ambace shi bidiyon ake fara tunawa kafin kofin Pillars, kuma wannan yana min ciwo, don mutumin ya san ƙwallo. Duk da haka hukuncin ya yi daidai. Dillali ba ya ba koci kuɗi don Allah.

Mu a Jalingo mun san wani gefen wannan matsala. Shekarun 2014 da 2015 da FC Taraba ta yi a Firimiya, filin Jolly Nyame ya karɓi manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, amma 'yan wasa suka yi watanni ba albashi, ƙungiyar ta faɗi. Inda haƙƙi ba ya fitowa, hannu yana saurin buɗewa. Sai dai wanda ke biyan kuɗin a ƙarshe shi ne yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a Sabon Gari ko Magami, wanda ubansa ba shi da abin sa wa a ambulan.

Masu riƙe da ƙungiyoyinmu, ku biya masu horarwa a kan kari. Ku kuma tsofaffin 'yan wasa da ke tara yara da yamma, in uba ko dillali ya miƙo kuɗi kafin gwaji, ku mayar masa.