Ido Ya Gani, Wa Zai Busa Ƙaho?

A ranar Talata, 18 ga watan Nuwamba na shekarar 2025, masu bi suna cikin sujadar yamma a wata majami'ar Christ Apostolic da ke garin Eruku a Jihar Kwara, sai 'yan bindiga suka faɗa musu. Da yake akwai kyamara da ke watsa sujadar kai tsaye ta intanet, duniya ta ga abin da ya faru da idonta, yadda tsofaffi suke neman maɓoya, ƙarar bindiga tana tashi. An yi asarar rayuka, aka kuma yi daji da mutum 38, waɗanda ba a sako su ba sai ranar 23 ga watan. Kyamarar nan ta ga komai, amma ba ta tare wa kowa ƙofa ba.

Kwana ɗaya kafin wannan, abin a gidanmu ya faru. Da asubahin Litinin, 17 ga watan, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka sace ɗalibai 25. Daga baya Gwamna Nasir Idris ya shaida wa duniya cewa gwamnati ta sami labarin harin tun kafin a kai shi, har an tura sojoji, amma sai aka janye su jim kaɗan kafin maharan su iso. Mun gode wa Ubangiji da yaran suka dawo hannun iyayensu, sai dai darasin yana nan. A Maga ba sani aka rasa ba, hannu aka rasa.

Mun kawo waɗannan misalai biyu ne domin maganar sayen kyamarar tsaro, wadda masu sayarwa ke kira CCTV, ta shiga zaman dattawan ikkilisiyoyinmu, ta shiga taron iyaye da malamai, ta kuma shiga gidajen masu bi. Wasu suna ganin ita ce maganin ɓarayi da 'yan ta'adda. Wasu kuma suna cewa rashin bangaskiya ne a dogara ga na'ura. A ra'ayinmu, dukansu biyu sun zarce. Kyamara ido ce kawai, kuma amfanin ido yana ga mutumin da ke bayansa.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa ba iri ɗaya ba ce. Akwai doguwa mai kama da tocila, wadda ake kafawa a waje ta fuskanci ƙofa ko hanya, kuma ganinta kawai yakan sa ɓarawo ya canza shawara. Akwai mai kama da ƙoƙo a kife, da ake mannawa a silin na ofis ko kanti, wadda ba a saurin gane inda take kallo. Akwai mai juya kai hagu da dama, ta kuma jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Ita ta dace da fili babba kamar kasuwa ko tasha, amma ta fi tsada, kuma ta fi amfani idan akwai mai juya ta. Yawancinsu suna da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ke ba su damar ɗaukar hoto fari da baƙi a cikin duhu, ko da yake ba ya kai nisa sosai.

Ta fannin ajiya kuma, wasu suna tura hoto ta waya zuwa wani akwati da ake ajiyewa cikin ɗaki, kuma idan akwatin ya cika sai sabon hoto ya goge tsoho. Wasu suna aiki da sola da batir da layin wayar salula, har mai gida ya ga ƙofarsa a wayarsa ko yana Birnin Kebbi ko Kontagora. Sai kuma na ɓoye, waɗanda ake sakawa cikin ƙwan lantarki ko agogon bango. Waɗannan na ƙarshe za mu dawo kansu.

Babu shakka kyamara tana da amfani. Tana razana ƙananan ɓarayi, masu satar babur a bakin majami'a ranar Lahadi, da masu fasa ɗakin ajiya su kwashe janareta da kayan kiɗa. Tana zama shaida a gaban 'yan sanda da alƙali. A shekarar 1993, a wata kasuwa kusa da birnin Libaful na Ingila, hoton kyamara ne ya nuna wasu yara biyu suna tafiya da ɗan shekara biyu da aka nema aka rasa, kuma hoton ya taimaka aka kama su, ko da yake bai ceci ran yaron ba. Haka nan tana wanke marar laifi. Sau nawa aka zargi maigadi ko ma'aji da abin da bai yi ba, saboda babu wanda ya gani? Idan akwai kyamara a ɗakin da ake ƙirga baiko da zakka, ta kare kuɗin, ta kuma kare mutuncin masu ƙirgawa.

Amma kuma mu faɗa wa juna gaskiya. Kyamara ba ta aiki sai da wuta, kuma kowa ya san halin wutar lantarki a wannan yanki. Ƙurar hunturu tana rufe mata ido idan ba a gogewa. Mai aiki da layin waya tana makancewa a ƙauyen da babu sabis. Ɓarawon da ya san abin da yake yi yakan ɗauke akwatin ajiyar tare da kayan. Ɗan bindigar da ya zo da babura masu yawa kuwa, wanda shi da kansa yake ɗaukar hotonsa yana watsawa, ba kunyar kyamara yake ji ba.

Gwamnatin tarayya ma ta sha wannan darasi. A shekarar 2010 aka ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar kimanin dala miliyan 470, mafi yawanta bashi, domin kafa hanyar sadarwar tsaro haɗe da kyamarori a Abuja da Legas. An kafa turaku da faifan sola a bakin tituna, amma aikin bai yi amfanin da aka yi alkawari ba, har majalisar wakilai ta yi ta bincike a kansa. Idan wannan ya faru da mai baitulmali, ina ga ikkilisiyar da ke tara kuɗinta daga dawa da gero na manoma da taro da sisin gwauraye?

A sura ta 33 ta littafin Annabi Ezekiyel an ba mu misalin mai tsaron da jama'a suka ɗora a kan garu. Aikinsa ba gani kaɗai ba ne. Idan ya hango abokan gaba bai busa ƙaho ba, alhakin duk wanda ya halaka yana wuyansa. To, kyamara mai tsaro ce da ba ta da ƙaho. Ga masu cewa sayenta rashin bangaskiya ne kuma, muna tunatar da su cewa Nehemiya, lokacin da yake sake gina garun Urushalima, addu'a ya yi, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Bai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba.

Saboda haka muna ba dattawan ikkilisiyoyinmu shawara, ko UMCA ne, ko ECWA, ko Katolika, ko Anglikan, ko Baptis, cewa kafin a taɓa kuɗin jama'a a zauna a amsa tambayoyi huɗu. Wa zai zauna yana kallo lokacin sujada da kuma cikin dare? Idan ya ga abin da bai yarda da shi ba, wa zai kira, kuma an gwada lambar an ga ana ɗauka? Ta wace ƙofa mata da yara da tsofaffi za su fita? Wa zai riƙa gyara, da wane kuɗi? Ikkilisiyar da ba ta da amsar waɗannan, gara ta fara da gyaran katanga, da fitila a bakin ƙofa, da ƙofa ta biyu, da biyan maigadi albashinsa a kan kari. Kada kuma a sallami maigadi don an sayi kyamara. Shi ya san fuskar kowa a unguwa, ya san baƙo, kuma yana da baki.

Idan an saya, a kafa ta a inda ya dace: bakin ƙofa, wurin ajiye babura, ɗakin ajiya da ɗakin ƙirga kuɗi. A sa sanarwa kowa ya sani. Ofishin da fasto yake ganawa da masu damuwa ba wurin na'ura mai ɗaukar murya ba ne. Matar da ta zo da kukan aurenta, da saurayin da ya zo tuba, amana suka kawo. A kuma damƙa lambar sirrin a hannun mutum biyu ko uku da aka yarda da su, a canza wadda ta zo da na'urar daga kamfani, domin wadda ba a canza ba baƙo na iya leƙawa ta cikinta daga nesa.

Akwai wani haɗari da muke so mu ja kunne a kansa ƙwarai. Hoton dare yakan fito dishi-dishi. Idan aka yi gaggawar tura shi a WhatsApp da cewa ga ɓarawo, ko ga mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kafin gari ya waye ana iya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai kamarsa ko yarensa. Ƙasar Zuru wuri ne da za ka sami Kirista da Musulmi da mai bin al'ada a gida ɗaya, suna haɗuwa a biki da makoki da Uhola. Wannan zumunci shi ne babban garunmu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hoto a kai shi ga hukuma. Idan kuma kyamararmu ta ga abin da ya shafi masallacin da ke maƙwabtaka da mu ko shagon maƙwabci, a ba su ba tare da jan rai ba.

Yanzu sai maganar gida, inda abin ya fi ba mu tsoro. Kyamara a ƙofar gida, ko wadda ake duba tsoho marar lafiya da ita da saninsa, ba mu ga laifinta ba. Amma magidancin da ya ɓoye kyamara cikin ƙwan lantarki don ya kama matarsa, ko uwargidan da ta saka ta a ɗakin da 'yar aiki ke kwana da canza tufafi, ko mai gidan haya da ya juya ta tana kallon tsakar gidan 'yan haya, wannan ba tsaro ba ne, cin amana ne. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, an kuma kafa dokar kare bayanan jama'a a shekarar 2023. Tun kafin dokokin nan ma, al'adarmu ta hana leƙen asirin maƙwabci. Auren da ya kai ga ana kafa wa juna tarko, dattawa da fasto yake bukata, ba mai haɗa waya ba. Yaron da aka raina da tsoron kyamara kuwa, abin da zai koya shi ne neman lungun da ba ta kai ba.

Daga ƙarshe muna kira ga gwamnatin Jihar Kebbi da ta tarayya, idan za a sa kyamarori a makarantun kwana da kasuwanni da hanyoyin Danko-Wasagu, Sakaba da Fakai, a sa su tare da jami'an da za su amsa kira cikin mintuna, kuma su tsaya har gari ya waye. Ƙasar da ta ba Nijeriya sojoji tun kaka da kakanni ta cancanci a tsare mata 'ya'yanta. Ihu bayan hari ya ishe mu.

Mu kuma masu bi, mu yi tsaro, mu yi addu'a, mu kula da maƙwabci. Allah ya tsare ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya, amin.