Farin Dutse a Jikin Kunkuru: Aikin Malami Ne Ya Bayyana

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani sha'ani da na ga muna rainawa, watau amsa tambayar mutanen gari a kan dabbobin da suke kiwo don sha'awa. A unguwannin bakin rafin Iku, nan Suleja, akwai gidajen da ake ajiye kunkuru a tsakar gida. Ran da mai kunkuru ya ga wani farin abu kamar alli ya fito tare da kashin dabbarsa, ko ya ga kumburi a gefen kanta, ba likita zai fara nema ba. Malamin makarantar unguwa zai tare, ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, mene ne wannan?" A ganina amsar da malami ya bayar a nan gwaji ce da ta fi ta takarda wuya, domin ran dabba na rataye a kanta.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin ɗan boko ita ce kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai. Kalma ce mai daɗin faɗi, mai ji kuwa ya kan yi shiru don ladabi. Amma fa ba kowane fari ne kalsiyam ba.

Farin da ke fita tare da kashin kunkuru fitsari ne. Dabbobi masu jan ciki da tsuntsaye su kan fitar da dattin jininsu a daskare don tattalin ruwa, shi ne farin nan da kowa ya sani a kan kashin kaza da na ƙadangare. In ya fito da laushi kamar kindirmo, lafiya ke nan. In ya fito da tsakuwa-tsakuwa, ruwa ya yi wa dabbar kaɗan, kuma in aka daɗe a haka sai ya dunƙule a mafitsara ya zama dutse, wani lokaci sai an yi aiki kafin a fitar. Babban kunkurun nan da ake kawowa daga Arewa ɗan Sahel ne, daga Senegal har Habasha ake samunsa, ya kan wuce kilo 50. A dawa ciyawa yake ci, ya haƙa rami mai zurfi ya shige inda akwai laima. Mu kuwa sai mu ajiye shi bisa daɓen siminti, mu ba shi sauran wake da ƙosai, waɗansu ma su ce ai kunkuru ba ya shan ruwa. Wake na ƙara wannan farin datti, rashin ruwa na busar da shi. To, wanda aka gaya wa kalsiyam ne ya yi yawa, me zai gyara? Ba kome, ko kuwa ya hana dabbar abin da take bukata.

Domin kuwa rashin kalsiyam shi ya fi kama kunkurun gida. Ƙoƙon bayansa ƙashi ne, haƙarƙari da gadon baya ne suka haɗu (saboda haka masu huda shi su ɗaura igiya su daina, yana jin zafi). Ƙaramin da aka kulle a ɗaki ana ba shi dusa, ƙoƙonsa sai ya yi laushi ya karkace, domin sai hasken rana ya taɓa fata jiki ke yin bitamin D, wanda ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki. Duk da haka kada a ruga kantin magani a sayo ƙwayoyin mutane a ɗura masa, gama bitamin D in ya wuce kima sai kalsiyam ya taru a jijiyoyi da ƙoda.

Inda kalsiyam ke taruwa ba cuta shi ne wuyan tsaka. Iri da yawa na tsaka suna da 'yan jakunkuna biyu a bayan kunne, cike da farin alli, mace ta kan ɗiba daga nan ta yi ɓawon ƙwanta, wanda take sakawa biyu-biyu. Masu kiwon koren tsakar Madagaska a Turai da Amurka su kan firgita da ganinsu, alhali rumbu ne kawai. Kumburin kunnen kunkuru kuwa wani abu ne dabam, yawanci ƙurji ne, kuma mugunyar waɗannan dabbobi ba ta gudana kamar tamu, tauri take yi kamar cuku.

Yaya za a bayyana duk wannan ga tsohon da bai shiga aji ba? Da abin da ke gidansa. A nuna masa kashin kazarsa. A daka ɓawon ƙwai a matsa masa lemun tsami, ya ga yana kumfa, sa'an nan a matsa a kan farin kashin kunkuru, ya ga bai yi irin wannan kumfa ba. Gani ya kori ji. Kuma kafin malami ya buɗe baki ya fara tambaya: me yake ci, ina yake kwana, yaushe abin ya soma? Mai dabba ya fi mu saninta, shekara goma yana kallonta. Mutanen ƙasar nan ba baƙin lura ba ne. A duba ƙadangaru da kadojin da Ladi Kwali ta zana a jikin tulunanta.

Wani zai ce wannan shiga sharo ba shanu ne, aikin likitan dabbobi ne. Rabin maganarsa gaskiya ce. Malami ba ya yanka ƙurji, ba ya ba da magani, kuma ido ba ya rarrabe dutsen mafitsara da ƙwai a cikin ciki sai an ɗauki hoton ƙashi. Amma likita na nesa, kuma ba mai ɗaukar kunkuru ya kai Jami'ar Abuja inda ake koyar da likitancin dabbobi sai wani ya fahimtar da shi dalili. Abin da ke hannunmu shi ne mu ce a ba shi ciyawa, da ruwa a faranti marar zurfi, da rana, da inuwa, da ƙasar da zai tona, a riƙa barbaɗa masa ɗan garin dafaffen ɓawon ƙwai. In ya daina cin abinci, ko yana yunƙuri ba ya fitar da kome, a kai shi asibitin dabbobi tun kafin a kira wanzami.

Ina roƙon malamanmu na kimiyya su sa wannan cikin gwajin koyarwa: a ba kowane ɗalibi minti 5 ya bayyana farin kashin kaza da Hausa zalla a gaban ma'aikatan lambun kwaleji, su kuma su faɗi ko sun gane.