Haƙƙin Gurguwar Kaza

 Ya 'yan'uwa ɗalibai, maganarmu a bana a kan kaza ce, wadda da wuya ka shiga gida a Ganu ko Zongo ba ka gan ta ba. Muna nufin kazar da ƙafarta ta samu matsala.

Kowa ya san yadda abin yake. Kaza ta fara ɗingishi, sai a ce ai za ta warke da kanta. In an watsa tsaba, kafin ta iso 'yan'uwanta sun cinye, har su riƙa saran ta. Ran da za a tuna da ita ta rame, ko a tarar da ita mushe a bayan randa. Ra'ayinmu shi ne mai kaza zaɓi biyu gare shi: ko ya yi jinyarta, ko ya yanka ta da wuri yadda shari'a ta tsara. Ya zuba mata ido tana jan ƙafa, wannan zalunci ne.

Ba mu muka ƙago wannan ba. A Bukhari da Muslim akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Hadisi na 17 a Arba'una ta Imam Nawawi, wanda da yawanmu mun haddace, yana koyar da kyautatawa ga komai, har wurin yanka. A Muhtasar na Shehu Halilu kuma, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan ba ta da wurin kiwo. To, kiwon kaza ai tono ne. Wadda ba ta iya tono, abincinta ya dawo wuyanmu.

Jinyar ma ba ta da tsada. Da farko a kama ta a duba ƙafar da rana tsaka, yatsa bayan yatsa. Sau da yawa ba wata cuta ba ce. Zaren buhu ne ko gashin roba na kitso ya nannaɗe yatsunta yana cin nama, in aka bar shi har yatsa ya guntule. Wani lokaci igiyar da aka ɗaure ta da ita tun daga kasuwar Arzeke ce ta yi mata kanta. Waɗannan reza mai tsabta ce maganinsu, a yanke zaren a hankali. Idan ƙaya ko fasasshiyar kwalba ta shiga tafin ƙafa, wurin kan kumbura, ya yi baƙin ɓawo a tsakiya. Sai a jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri, a wanke, a naɗe da tsumma mai tsabta, a riƙa sakewa kullum.

Idan karaya ce a ƙwauri, daga jifa ko zem ya taka ta, a miƙar da ƙashin a hankali, a sa auduga, a dafa da tsinken kara biyu, a ɗaure. Kada a tamke sosai. In yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi, a sassauta. Ƙashin kaza kan haɗe cikin mako biyu zuwa uku. Duk tsawon wannan lokaci a kife ta da kwando ko a sa ta a akurki ita kaɗai, ƙasa a bushe, ruwa da dusa da tsakin masara dab da bakinta. A daka ɓawon ƙwai a zuba mata, yana ƙarfafa ƙashi. Amma a daina fasa kafson mutane ana zuba wa kaji a ruwa da ka. Ba ya ɗora ƙashi, kuma yana fita a cikin ƙwan da za mu ci.

Akwai gurguntar da ba ta rauni ba ce. In kaji biyu ko uku suka kwanta tare, wuya yana murɗewa, kashi ya koma kore, musamman da hunturu, a yi zaton annobar nan ta Niyukasil. Ba ta da magani, rigakafi gare ta. A ware marasa lafiya, a binne waɗanda suka mutu, a wanke hannu da sabulu, a nemi likitan dabbobi. Kada a kwashe su a kai kasuwa, don sayar da su tare da ɓoye aibin algus ne, kuma raba wa maƙwabta cuta ne. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a kudancin Benin a 2007, saboda haka mutuwar kaji da yawa lokaci guda ba abin ɓoyewa ba ne.

Wani zai ce, kaza ce fa, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka. Gaskiya ne, mu ma ba mu hana ba. In ƙashi ya fasa fata ya fito, ko an yi makonni ba ta tsaya ba, yankan shi ne rahama, kuma naman mai rauni halal ne. Amma a yi lissafi kafin a ɗauko wuƙa. Kazar gida takan yi ƙwai goma ko fiye, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, har ƙwan zabo ana sa mata ta kwanta a kai wajen kwana 28. Daga Paraku har Jugu, kaza asusun iyayenmu mata ce: kuɗin sabulu, kuɗin magani, wani lokaci har kuɗin littafin da muke karatu da shi. Jinyar mako uku ba ta kai asarar uwar kaji ba.

Wannan aiki ya fi dacewa da mu ɗalibai, tunda mu ake aika a gida. Mu tsince zare da kwalba a tsakar gida. Mu hana ƙannenmu korar kaji daga shanya da dutse ko danƙo, tafi da tsawa sun isa. In za a ɗaure kaza, a yi da ƙyalle mai faɗi. Hadisin da muka biya a gaban malam da safe, a ga alamarsa a bakin akurki da yamma.

Allah ya sa mu yi aiki da abin da muka karanta, ya ji ƙanmu kamar yadda muka ji ƙan na ƙasa da mu.