Filin Mata: Uban Da Ya Sa Wa 'Ya'yansa Lamba

Zancenmu na makon nan a kan wani wasan talabijin ne na Amurka, The Umbrella Academy, wanda Netflix ya nuna daga 2019 zuwa 2024.

Ga labarin. Ran 1 ga Oktoba, 1989, mata 43 suka haihu, alhali da safe ba su da ciki. Wani attajiri, Reginald Hargreeves, ya karɓi jarirai bakwai masu baiwa, ya hore su don su ceci duniya. Ko suna bai raɗa musu ba, sai lamba, Ɗaya har Bakwai. Wadda ta rene su ma mutum-mutumi ce.

To, da suka girma fa? Mai ganin matattu ya zama mashayi. Ran makokin uban, biyu suka kaure da dambe. Za ki yi dariya, amma dariyar da ɗaci.

Ta Bakwai ce ta fi ba ni tausayi. Aka ce ba ta da baiwar komai, aka ware ta, ana ɗura mata ƙwayoyi, alhali ta fi su duka ƙarfi. Da ta gane, fushinta ya farfasa watan sama, duniya ta halaka.

Uwargida, dubi ɗakinki. Wane yaro kike yawan ce wa "ba ka iya komai ba"? Kada ki fifita wani, abin da kika shuka shi za ki girba.

Ku kuma 'yan makaranta, wasan manya ne, akwai zubar da jini. Haza wasalam.