Bin Na Gaba Ba Kullum Ne Bin Allah Ba

Har yanzu akwai masu yabon Admiral Karl Donitz, shugaban mayaƙan ruwa na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, wai shi soja ne kurum, aikinsa ya yi, ba ruwansa da ta'asar Hitila. Mu kam ba mu yarda ba.

Gwanintarsa ba abin musu ba ce. Ya shiga aikin sojan ruwa a 1910, Turawan Ingila suka kama shi a 1918 yana shugabancin jirgi mai tafiya ƙarƙashin teku. Daga 1935 shi ya raya rundunar irin waɗannan jirage, ya koya musu farautar ayarin jiragen kaya a gungu, tamkar kuraye. A 1943 aka danƙa masa rundunar ruwa baki ɗaya. To, amma wa gwanintar nan ta yi wa bauta?

A watan Satumba 1942 wani jirginsa ya nutsar da jirgin Laconia daura da gaɓar Afirka ta Yamma. Kwamandan, Hartenstein, ya tsaya ceton waɗanda ke cikin ruwa, sai jirgin saman Amurka ya sako masa bama-bamai. Nan da nan Donitz ya ba da umarni kada a ƙara ceton kowa. Masu kare shi sukan ce ai Amurka ma haka ta yi a tekun Fasifik, kamar yadda Admiral Nimitz ya shaida. Gaskiya ne, amma laifin wani ba ya wanke na wani.

Tun 1943 yaƙin teku ya juya wa Jamus baya, duk da haka bai fasa tura samari ba. Cikin kimanin 40,000 da suka yi aiki a jiragen nan, wajen 30,000 ba su komo ba. 'Ya'yansa maza biyu ma yaƙin ya cinye su. Wannan makauniyar biyayya ita ta sa Hitila ya naɗa shi magaji a 1945. Kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara 10, ya mutu a 1980 bai nuna nadama ba.

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, gobe mu ne masu riƙe alƙalami da hatimi. Azzalumi ba ya zalunci shi kaɗai, sai da hannun gwanaye masu cewa umarni aka ba su. Ran da takarda ta iso teburinmu, mu duba wanda za ta cuta kafin mu sa hannu, domin sunan da ke ƙasanta namu ne, ba na maigida ba.