Ciwon da ba a ɗaure shi da bandeji

Tun ran 6 ga watan Fabrairu na 2015, ranar da ƴan Boko Haram suka faɗa wa Boso da Difa, ƙasarmu ba ta rabu da zaman makoki ba. A 2019 ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo jahar Maraɗi, wajen Gidan Rumji. A watan Maris na 2021 aka kashe mutum 137 rana ɗaya a yankin Tiliya, cikin jahar Tawa. An ƙidaya matattu, an raba hatsi da barguna. Waɗanda suka tsira fa, wa ya tambaye su yadda suke kwana?

Wanda ya zauna da su ya sani. Akwai matar da in ta ji ƙarar babur sai ta yar da tulu ta ruga. Akwai magidancin da ya bar zuwa gona, ba ya barci, abu kaɗan sai ya hau iyalinsa da faɗa. Akwai yaro ɗan shekara 10 da ya koma fitsarin kwance. Lokotoro sun san wannan ciwo: hankalin mutum ne ya maƙale a ranar tashin hankalin, yana maimaita ta a mafarki da a farke, kuma gwargwadon yadda yake gudun tuna ta, haka take ƙara riƙe shi. Ciwo ne mai magani.

Masu maganin ne suka yi ƙaranci. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƴan kaɗan ne, galibinsu a Yamai suke, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen nan da ake kira Pabiyon E. Daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300, ga shi ko sunan wurin kaɗai yana sa dangi jin kunya. Saboda haka talaka wurin malam yake zuwa, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Mutanen Somaliya, waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita tun 1991, sun riga mu tunani a kan wannan. Waɗanda suka yi hijira zuwa birnin Siyatil na Amurka sun haɗa kai da masana na jami'a, suka tsara wani zama na masallaci har sau shida, maza daban, mata daban. Masu jagora mutanen unguwa ne da aka ba horo na ƴan kwanaki. Ana soma zama da shan shayi, sai a kawo labarin wani annabi da Allah ya jarraba, kamar Annabi Ayuba ko Annabi Yusufu, a tattauna a kai. Daga nan kowa ya keɓe, ya fuskanci Ubangijinsa cikin addu'a, ya kai masa ƙarar abin da ya same shi dalla-dalla. An gwada tsarin a masallatan Somaliland. Gwajin farko ba na mutane da yawa ba ne, amma waɗanda suka zauna sun ce sun sami sauƙi.

Dabarar da na gani a ciki ita ce, ba a tilasta wa kowa tona asirinsa gaban jama'a, amma kuma an sa shi ya dubi abin da yake gudu. Abin da lokotoro ke nema ke nan, sai dai an biyo ta ƙofar da mutum ya saba shiga sau biyar a yini.

A nan ne ya kamata malamanmu su duba wa'azinsu. Sau da yawa kalmar «yi haƙuri» rufe bakin mai kuka take yi, har ya ɗauka firgitarsa rashin tawakkali ce. Alhali Annabi Yakubu ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, shekarar baƙin ciki malamai ke kiranta. Wasu kuma komi suka gani sai su ce aljanu ne, a yi ta hayaƙi, wani lokaci har da duka da mari a ƙafa. Wannan ƙarin ciwo ne.

Malam yana da iyaka, kuma tilas ya san ta. Mai maganar kashe kansa, da mai jin muryoyin da babu su, da mai farfaɗiya, likita za a kai su ba da jinkiri ba. Don haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa tun 1974, su zauna su tsara horon limamai a yankunan da abin ya shafa, kowane liman ya san anfirmiyen likitar garinsu da sunansa. Kada kuma a manta da malamai mata masu karantar da matan aure, domin matar da aka ci mutuncinta a daji ba za ta taɓa gaya wa liman ba, ko da mijinta ne ya kai ta.