FILIN MASU HOTO: Wane Gilashi Ne Zai Kama Doki A Guje?

Cikin wasiƙun da suka iso mana makon jiya akwai ta wani saurayi daga Suleja, wadda na ga ya kamata in jingine sauran in fara da ita, domin kukan da ya kawo kukan mutane da yawa ne.

Ya ce shekararsa huɗu ke nan yana ɗaukar hoton biki da suna, ba wanda ya taɓa mayar masa da aiki. Da Sallar bara wani mai sarauta ya ɗauke shi ya bi tawagarsa ranar hawa, ya ba shi rabin kuɗi tun ba a ga wata ba. Ya ɗauki hoto fiye da ɗari uku, amma da aka zo wajen jafi, watau inda mai gidan ya fi so a gan shi, ko ɗaya bai fita ba. Doki ya zama hayaƙi, mahayi ya zama inuwa, abin da ya fito tangaram sai wani mai rake da ke tsaye can bayan taro. Ya mayar da kuɗi, ya kuma sha kunya. Yanzu ya sayar da babur ɗinsa zai sayi gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, irin wanda a ke murɗawa ya miƙe ko ya taƙaita, wanda 'yan sana'a ke kira zum. Wani mai kanti ya nuna masa ƙato mai milimita 150 zuwa 600, ya ce masa shi ne maganin abin. Yana tambaya ko ya saya.

To samari, kada ka saya tukuna. Zauna mu yi lissafi.

Garinku garin doki ne tun asali. Da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya zamanin jihadi, da dawakinsa ya yiwo kudu, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa Abuja a 1828. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki sunan a 1976 ta ba sabon babban birni, sai garin ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Na kawo wannan ne don in tuna maka cewa hawan da ka ke so ka ɗauka hawan fada ne na gado, a cikin gari a ke yinsa, tsakanin katangu da cunkoson jama'a, doki yana wucewa har ka ji hucinsa. Mai kanti ya ba ka shawarar da ta dace da mai ɗaukar giwa a dajin Yankari.

Ga yadda za ka gane tsawon da ka ke bukata. Doki da mahayinsa da mashin da ya ɗaga sun kai wajen mita uku. A kyamara mai babbar sensa, watau wadda faifanta na karɓar haske ya ke daidai da girman fim ɗin da, milimita 36 da 24, sai ka raba milimitar gilashi gida takwas. Abin da ya fito shi ne nisan da doki zai cika maka hoto daga sama zuwa ƙasa. Gilashi mai 400 yana cika hoto a mita 50, mai 200 a mita 25, mai 70 kuwa a kusan mita tara. In kyamararka mai ƙaramar sensa ce, kamar yadda na ke zato tun da yawancin masu hoton biki ita su ke riƙewa, sai ka fara ninka milimitar sau ɗaya da rabi, ko 1.6 in Canon ce. Ka ga ke nan ƙaton nan na mai kanti, ko ka taƙaita shi iyakar taƙaitawa zuwa 150, a kyamararka daidai ya ke da 225, watau da doki ya matso ƙasa da mita 28 ka fara yanke masa kofato da tsinin mashi. Alhali kuwa daɗin jafi yana ƙarshensa ne, sa'ad da mahaya suka ja linzami, dawaki suka zame, aka ɗaga hannu aka yi jinjina. Kuma ba mutum ɗaya ke zuwa ba, sahu ne na biyar ko shida, faɗin hoton kuwa a wannan nisa mita huɗu da rabi ne kacal.

Sa'an nan ga gudu. Dokin da ke sukuwa a kan kilomita 40 cikin awa yana cin mita 11 cikin daƙiƙa guda. Daga mita 50 zuwa mita 10 bai cika daƙiƙa huɗu ba. Ba mai iya kwance gilashi ya ɗaura wani cikin wannan lokaci, shi ya sa zum ya zama dole, kuma gajeren bakinsa ya fi dogon muhimmanci ga mai aikin ƙofar fada. Kafin ka ba kowa ko kwabo, tashi ka je inda ka tsaya bara ranar da ba taro, ka auna da taki daga inda dawaki ke tasowa zuwa inda su ke tsayawa, da kuma zuwa inda dogarai su ke barin masu hoto. Abin da ƙafarka ta gaya maka ya fi abin da ni da mai kanti za mu gaya maka.

Yanzu bari mu koma ga hotunanka da suka lalace, domin cuta biyu na gani a cikinsu, kuma tsawon gilashi ba ya cikin ko ɗaya.

Ta farko ita ce ƙiftawar kyamara, wadda mu ke kira shota. In ka bar ta a ɗaya bisa 250 na daƙiƙa, kamar yadda a ke yi wa amarya, dokin nan ya riga ya gusa santimita huɗu da ɗoriya kafin ta rufe, ƙafafunsa kuwa sun fi jikinsa sauri. Wannan ne hayaƙin da ka gani. Sai ka kai ta ɗaya bisa 1000 ko sama kafin doki ya tsaya cak. To amma gajeriyar ƙiftawa tana son haske mai yawa, a nan ne kuma lambar nan da a ke rubutawa da harafin f a jikin gilashi ta ke shigowa. Ita ce ke nuna faɗin kafar da haske ke bi, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/5.6, kusan ninki biyar na mai f/6.3. In ka ga an rubuta lamba biyu, kamar f/4-5.6, ta biyun ita ce za ka samu in ka miƙe shi duka.

Da rana tsaka wannan ba abin damuwa ba ne. Ranar ƙasarmu ta ishi mai f/5.6 ya yi ɗaya bisa 1600 a kan ISO 200. Amma hawan yamma, irin Hawan Daushe na Kano da a ke fita bayan la'asar a ƙare a Ƙofar Kudu, sau da yawa jafinsa yana faɗowa ne rana ta yi ja, ƙura ta turnuƙe. In haske ya ragu ninki takwas, mai f/5.6 sai ya hau ISO 1600, mai f/2.8 kuwa yana nan a 400. Sabuwar kyamara ba ta damu da 1600 ba, tsohuwa kuwa sai fuskar mahayi ta fito kamar an watsa mata tsaki. Kai ka san shekarun taka.

Cuta ta biyu ita ce mai raken nan. Fitowar da ya yi tangaram ta nuna cewa saitin gani, watau fokas, a kansa ya sauka ya zauna. Ka sa kyamara a tsarin da ke bin abu mai motsi, wanda Nikon da Sony ke rubuta AF-C, Canon kuma AI Servo, ka ɗora ɗigon saiti a ƙirjin doki ko fuskar mahayi tun suna nesa. Amma ko ka yi haka, in injin da ke cikin gilashi mai nawa ne, doki zai riga shi. Nemi wanda aka rubuta wa USM a Canon, ko AF-S ko AF-P a Nikon. Akwai wani 75 zuwa 300 mai araha na Canon da ya cika kasuwa, wanda ba shi da USM. Ga hoton ango a zaune ba laifi, ga jafi kuwa araha ba ta ado.

Kada kuma a ruɗe ka da na'urar hana rawar hannu, wadda a ke rubuta IS ko VR. Rawar hannunka ta ke gyarawa, ba ta tsayar da doki.

Ga hukuncina. In kuɗin babur sun kai, sayi 70 zuwa 200 mai f/2.8, ko da na hannu ne. Nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi, za ka ji shi a wuya kafin azahar, amma haskensa ba ya canzawa in ka murɗa, saitinsa kamar walƙiya, kuma bayan Sallah zai ci gaba da nemo maka abinci a ɗakin biki mai duhu, abin da ƙaton mai kanti ba zai yi ba. Irin na kyamara mai madubi a ciki ya ke zum ɗinsa, ba ya miƙewa waje. In kuɗi ba su kai ba, sayi 70 zuwa 300 mai injin sauri, nauyinsa bai wuce rabin wancan ba, ka nemi hawan safe ka yi ƙoƙarinka a can. Ko wanne ka saya, rataya gajeren gilashinka na biki a wata kyamarar, ko ta aro ce, saboda sa'ad da laimar Sarki ta zo dab da kai.

Mai 100 zuwa 400 da mai 150 zuwa 600 suna da ranarsu. Filin ƙwallon dawaki yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi, kuma a gefe a ke tsayar da kai. Wanda zai je wasa a Kaduna, ko Katsina inda marigayi Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wannan wasa, ko mai zuwa tseren raƙuma a Ingal ta ƙasar Nijar, shi ne mai bukatar 400 zuwa sama. Sai ya haɗa da sandar dogarawa mai ƙafa ɗaya, domin kilo biyu a hannu wuni guda ba wasa ba ne.

Sauran maganar ƙura da ruwa. Sallah tana ja da baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, babbar kuwa farkon Yuni, watau ƙaramar tana gangarawa cikin hunturu da hazo, babbar tana bakin damina. Gilashin da ke miƙewa waje yana zuƙar iska duk sa'ad da ka murɗa shi, da ƙurar da ke cikinta. Tsohon 100 zuwa 400 na Canon, na 1998, wanda a ke turawa a jawo, har laƙabin famfon ƙura Turawa suka yi masa, kafin a fito da mai murɗawa a 2014. Kada ka kwance gilashi a fili, kada ka goge shi da bakin riga, ka hure shi da 'yar robar hura iska tukuna. Daminar Suleja kuwa mai tsawo ce, in ka kulle shi cikin jaka mai laima sai funfuna ta yi masa saƙa a ciki.

Ni kaina na taɓa sayen na hannu a wani kanti da almuru, ina murnar na yi tsintuwa, sai da gari ya waye na ga saƙar gizo-gizo a tsakiyarsa, mai kanti kuma ya ce bai san zancen ba. Saboda haka je ka da rana, da kyamararka, da tocila. Haska ta baya ka leƙa ta gaba. Murɗa zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa. Sa'an nan fita bakin titi ka ɗauki ɗan acaɓa yana tahowa wajenka, hoto goma a jere, ka buɗe su ka ƙirga nawa suka fita. Masu Nikon su lura da kyau: ƙananan kyamarori jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya tsofaffin gilasai masu alamar AF-D, sababbin AF-P kuma ba sa aiki a kan tsofaffi irin D90.

Af, na kusa mantawa. Wani abokin aikina ya kan ce wai sai da injin zamani a ke kama doki a sama. A 1878 wani Bature mai suna Eadweard Muybridge ya jera kyamara goma sha biyu a Palo Alto ta Amurka, doki ya bi ta gabansu a guje, hotunan suka nuna cewa lalle akwai lokacin da ƙafafu huɗun nan duka su ke barin ƙasa, kuma a tattare su ke a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba kamar yadda masu zane su ke yi. Wannan ɗan lokaci shi za ka nema, shi da sa'ad da aka ja zamiya ƙura ta tashi. Sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere, ka danna tun kafin abin ya faru.

Abu guda ne na ke roƙonka. Sa'ad da ka ke taƙaita zum kana bin doki, girmansa ba ya canzawa a idonka, sai ka ɗauka yana nan nesa alhali ya iso. Bar ɗaya idon a buɗe, tsaya inda dogarai suka nuna maka, rana a bayanka in da hali, kuma kada ka walƙa wa doki fitila a fuska. In ka je aunawa, rubuto mana nisan da ka samu da sunan kyamararka, mu ƙarasa lissafin tare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wasiƙar wata malama daga Gusau a kan ɗaukar fararen kaya cikin rana.